DARASIN WANNAN WATA: ƘWARO MAI DOGON ƘAHO, MAI YANKE RASSAN ITATUWA

Idan damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, manomi yakan je gonarsa ya tarar da reshen kashu ko na kuka a ƙasa. Reshen ɗanye ne shar, ganyensa bai gama bushewa ba. In an duba gindinsa sai a ga an zagaye shi da yanka, kamar an sa zarto. Nan da nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce yara ne masu neman itacen girki. Wani ya ce makiyaya ne suka sare wa dabbobinsu. Har maƙwabta su ɓata a kan abin da babu hannun kowa a ciki.

Sau da yawa mai wannan aiki ƙwaro ne. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, amma yana iya kayar da reshe mai kaurin hannun mutum. Wannan darasi zai bayyana kamanninsa, da yadda yake rayuwa, da danginsa na ƙasashe masu nisa, da kuma abin da manomi zai yi don ya tsare itatuwansa.

YADDA ZA A GANE SHI

Ƙwaro mai dogon ƙaho ba iri ɗaya ba ne. Babban dangi ne. Masana sun ƙidaya fiye da iri 35,000 a duniya, kuma har yanzu ana gano sababbi. Akwai ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Akwai manya da suka kai tsawon tafin hannu.

Duk da haka suna da kamanni da suka haɗa su. Jikinsu dogo ne. Suna da ƙafafu shida. Bayansu yana da murfi biyu masu tauri, kuma a ƙarƙashin murfin ne fukafukan tashi suke naɗe. Bakinsu yana da haƙora biyu masu ƙarfi, kamar ɗan ƙaramin almakashi.

Babbar alamarsu ita ce ƙahonin nan biyu da ke kansu. Siriri ne, gaɓa-gaɓa kamar karan dawa. Yawanci kowane ƙaho yana da gaɓa 11. A wurin da yawa daga cikinsu ƙahon yakan kai tsawon jiki, ko ma ya wuce. Na namiji yakan fi na mace tsawo. Ba don tunkuyi aka yi su ba. Da su ƙwaron yake shinshina ƙamshi da taɓa abu. Da su yake gane itacen da ya yi rauni, da su kuma namiji yake gano inda mace take.

Idan aka kama wasu daga cikinsu sukan yi wata 'yar ƙara, ƙii-ƙii. Ba da baki suke yin ta ba. Gogar wuya da ƙirji ce take ba da wannan sauti. Ba su da dafi irin na kunama, amma manyansu suna cizo da zafi. Saboda haka a riƙe su ta gefen baya, kada a sa yatsa kusa da bakinsu.

RAYUWARSA MATAKI HUƊU CE

Mataki na farko shi ne ƙwai. Mace takan tsaga ɓawon itace da haƙoranta, ko ta nemi inda ya riga ya tsage, ta ajiye ƙwai a ciki.

Mataki na biyu shi ne tsutsa. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Fara ce, mai ƙiba, jikinta gaɓa-gaɓa. Wajen kanta ya fi faɗi, bakinta baƙi ne ko ja mai duhu. Takan fara cin abin da ke ƙarƙashin ɓawo, daga nan ta kutsa cikin itacen tana haƙa rami. Wannan mataki shi ne ya fi daɗewa. Wasu iri sukan yi watanni, wasu shekara ɗaya zuwa uku. Yawancin ɓarnar da wannan dangi yake yi wa itace, tsutsar ce take yin ta.

Mataki na uku shi ne kwanci. Idan tsutsa ta ƙoshi ta girma, sai ta gyara ɗan ɗaki a cikin itacen, ta toshe ƙofa da dusar itace, ta kwanta. Ba ta ci, ba ta yawo. A nan ne ƙafafu da fukafukai da ƙahoni suke fitowa.

Mataki na huɗu shi ne cikakken ƙwaro. Yakan huda itacen ya fito, ya bar rami zagayayye ko mai siffar ƙwai. Sai ya tashi neman abinci da abokin barbara. Daga nan rayuwa ta sake zagayowa.

Wanda ya fahimci waɗannan matakai ya san abu guda mai muhimmanci. Matakai uku cikin huɗu a cikin itace suke faruwa, inda ido ba ya gani. Ƙwaron da ake gani yana tashi, ƙarshen labarin ne.

MAI-ZARTO

A cikin wannan babban dangi akwai wani iri da ya fi damun manoman Afirka ta Yamma. Sunansa a littattafan kimiyya shi ne Analeptes trifasciata. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Fabricius ne ya fara rubuta bayaninsa a shekarar 1775. Kalma ta biyu a sunan tana nufin mai zane uku. Don sauƙin karatu, a wannan darasi za a riƙa kiransa mai-zarto.

Mai-zarto baƙi ne. A bayansa akwai zane uku masu ruwan goro da suka gitta. Tsawon jikinsa kamar inci ɗaya da rabi ne, wato wajen santimita 4. Ana samunsa a Nijeriya da Binin da Togo da Gana da Kodebuwa da wasu ƙasashe maƙwabta.

Itatuwan da yake so sanannu ne ga duk mutumin ƙasar Zazzau. Yana yanke kashu, wanda wasu ke kira yazawa. Yana yanke kuka da rimi da gurjiya. Yana taɓa danya da faru da kukkuki da gwandar daji. An kuma same shi a kan itacen turare. A shekarar 1961 an buga rahoton bincike a kan ɓarnar da yake yi wa dangin rimi da kuka a arewacin Gana, ƙasar da dajinta ya yi kama da na Shika da Giwa.

Waɗannan itatuwa dukiya ce. Kuka tana ba da miya da garin kwalba da nono. Rimi yana ba da audugar katifa da matashi, kuma shi ne adon birnin Zariya, har unguwanni suka ci sunansa, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Kashu kuwa baƙo ne. Asalinsa daga ƙasar Birazil yake, Turawan Fotugal ne suka kawo shi Afirka fiye da shekara 400 da suka wuce. Yau ƙwallonsa yana cikin kayan gona da Nijeriya take sayarwa ƙasashen waje. Jihohin Kogi da Oyo da Kwara da Inugu da Binuwai suna noma shi da yawa, kuma a Jihar Kaduna ma ana dasa shi. A gonakin kashu ne aka fi kuka da mai-zarto. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda binciken kashu yake hannunta, ta sa shi cikin manyan abokan gaban wannan itace.

Ɓarnarsa takan yi yawa daga ƙarshen damina zuwa cikin rani. Wannan shi ne lokacin da kashu yake shirin fure da 'ya'ya. Duk reshen da ya faɗi a lokacin, ya tafi da amfanin shekarar. Idan ƙaramar bishiya ce, ƙwaron yana iya yanke gangar jikinta gaba ɗaya.

ME YA SA YAKE YANKE RESHE?

Mai-zarto yana cin ɓawon itace mai taushi. Amma babban dalilin yankan shi ne ya gina wa 'ya'yansa gida.

Itace mai rai yana kare kansa. Idan aka ji wa kashu ciwo sai ƙaro ya fito. Wannan ƙaro yana iya danne ƙwai ko ƙaramar tsutsa ya kashe ta. Tsutsar mai-zarto ta fi jin daɗin itacen da ya fara mutuwa. Don haka iyayen sukan kashe reshen tukuna.

Ga yadda abin yake. Ganye shi ne ɗakin girkin bishiya. Abincin da ganye ya haɗa yana bi ta cikin ɓawo ya sauka zuwa saiwa. Ruwan da saiwa ta sha kuma yana bi ta farin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo ya hau sama. Ƙwaron yakan zagaye reshen da cizo. Yakan cinye ɓawon, ya shiga cikin farin itacen, ya bar 'yar tsakiya kawai. Ta haka ya datse hanyar abinci da ta ruwa. Akan ga namiji da mace tare a kan reshe ɗaya suna wannan aiki.

Bayan an gama yanka, mace takan sa ƙwai a ɓangaren reshen da zai bushe. Iska ta zo ta karya shi. Wani ya faɗi ƙasa, wani ya tsaya yana reto. Tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki, ta yi watanni tana ci, ta yi kwanci, sannan ta fito a matsayin sabon ƙwaro ta hau bishiya mafi kusa.

A nan ne sirrin maganinsa yake. Reshen da ya faɗi, shi ne gidan renon ƙwarin baɗi. Wanda ya bar shi a gona ya ajiye wa kansa iri.

DANGINSA NA TSIBIRAI MASU NISA

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. A tsibiran ƙasashe masu zafi, inda ruwan sama yake sauka kusan duk shekara, akwai kurmi mai duhu. A irin wannan kurmi ne dangin mai dogon ƙaho suka fi yawa. Wasu iri a tsibiri ɗaya kaɗai ake samunsu. Wasu kuma sau ɗaya ko sau biyu aka taɓa kama su, aka ba su suna, aka ajiye a akwatin masana.

A tekun Fasifik akwai ƙasar Fiji, mai tsibirai fiye da 300. A babban tsibirinta, Biti Lebu, akwai wani ƙaton mai dogon ƙaho. Tsawon jikinsa yakan kai inci 6, wato wajen santimita 15. Yana cikin manyan ƙwari na duniya. Idan aka tsokane shi yakan yi huci da ƙarfi. Tsutsarsa a cikin manyan itatuwan kurmi take girma. Da yake ana sare kurmin, ganinsa ya yi wuya. Ƙwaron tsibiri ba shi da wurin gudu. In dajinsa ya ƙare, shi ma ya ƙare.

Wanda ya fi shi girma yana kurmin Amazon, a Amurka ta Kudu. An auna wani da ya kai santimita 16 da ɗoriya.

Akwai kuma labarin wani Bature ɗan Ingila mai suna Alfred Wallace. Ya yi shekara takwas, daga 1854 zuwa 1862, yana yawo a tsibiran da yau suke ƙasashen Indunusiya da Malesiya, yana tara ƙwari da tsuntsaye don nazari. A shekarar 1855 ya sauka a wani wuri a tsibirin Boniyo, inda ma'aikata suke sare daji don haƙar kwal. Itatuwan da aka sare suna nan kwance a rana suna bushewa. Ƙwari suka yi ta zuwa. A Boniyo ya tara masu dogon ƙaho kusan iri 300, kuma yawancinsu a wannan wuri ya same su.

Wannan labari yana da darasi ga manomin Shika. Ƙamshin itacen da aka sare sabo-sabo yana kiran waɗannan ƙwari daga nesa. Tulin ɗanyen itace a gefen gonar kashu ko mangwaro gayyata ce.

ƘWARON DA YAKE TAFIYA A CIKIN KATAKO

Tun da tsutsa a ɓoye take, tana iya yin doguwar tafiya ba wanda ya sani. Ana iya sare itace, a tsaga shi, a yi akwati da shi, tana nan a ciki da ranta.

Haka ta faru a Amurka. A shekarar 1996 aka gano wani mai dogon ƙaho ɗan asalin ƙasar Sin a birnin Niyok. A 1998 aka gan shi a Shikago. A cikin katakon da ake ɗaure kayan jirgin ruwa ya shigo. Ya kama itatuwan inuwa na bakin titi yana kashewa. Hukuma ta sare dubun-dubatar bishiyoyi don ta tsayar da shi. Saboda irin wannan matsala, a shekarar 2002 ƙasashen duniya suka amince da wata ƙa'ida. Duk katakon ɗaurin kaya da zai ƙetare iyaka sai an yi masa magani. Hanya ɗaya ita ce a gasa shi har zafin tsakiyarsa ya kai ma'auni 56 na tsawon minti 30. Sannan a buga masa hatimi.

Itacen turare ma yana da nasa. Asalin turare daga ƙasar Ostareliya yake. Wani mai dogon ƙaho na can ya bi shi zuwa Afirka ta Kudu, da Afirka ta Arewa, har zuwa Kalifoniya a Amurka a shekarar 1984. Masana sun lura cewa bishiyar da ƙishi ya kama ita ce ya fi kashewa. Wadda ta sha ruwa sosai takan fi ƙarfinsa.

Abin da ya faru tsakanin ƙasa da ƙasa yana faruwa tsakanin ƙauye da ƙauye. Itacen girkin da ake ɗaukowa daga daji a mota ko a kan jaki yana iya zuwa da tsutsa. Haka gungumen da masassaƙi ya sayo don turmi ko ƙota. Mai sayen katako a Sabon Gari ya duba da kyau. In ya ga ramuka masu faɗin yatsa, cike da dusar itace, ya san tsutsa ta bi ta wurin, kuma katakon ya rage ƙarfi.

BA DUKA NE MAƁARNATA BA

Cikin dubban irin nan, kaɗan ne suke taɓa itace mai rai. Mafi yawansu mataccen itace suke ci. Wannan aiki ne mai amfani. Idan bishiya ta faɗi a daji, tsutsotsin sukan huda ta. Ruwa da gara da naman kaza su bi ramukan. Sannu a hankali itacen ya ruɓe ya koma taki. Wasu manyan ƙwarin kuma sukan sauka a kan fure, su ɗauki garinsa daga wannan zuwa wancan.

Tsutsar abinci ce ga tsuntsaye. Maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan da ake jin yana ƙwanƙwasa itace, ita yake nema. Kaji ma suna son ta. Saboda haka yaron da ya harbe maƙwaƙƙwafi da danƙo ya kashe mai gadin gonar babansa.

Ba a bukatar a kashe duk mai dogon ƙahon da aka gani a daji. Wanda ake yaƙi da shi shi ne wanda ya shigo gona ko lambu yana yanke rassa.

ALAMOMIN DA ZA A DUBA

1. Reshe mai yanka a zagaye. Saran adda a karkace yake, daga gefe ɗaya ko biyu, kuma sumul. Yankan mai-zarto ya zagaye reshen duka, yana da sawun haƙora, tsakiyarsa kuma karyewa ta yi.

2. Reshe guda da ganyensa ya bushe, alhali sauran bishiyar tana kore.

3. Ɓawo da aka kankare a jikin ƙananan rassa, da ɓarɓashinsa a ƙasa.

4. Dusar itace a gindin bishiya, ko tana fitowa daga rami.

5. Ƙaro ko ruwa mai duhu yana tsiyaya daga wani ɗan rami a jikin bishiya.

A lura, ba kowane rami ne aikin mai dogon ƙaho ba. Akwai wasu ƙwari masu gajeren ƙaho da suke huda itace. Ƙananan ramuka kamar na allura, masu fitar da gari mai laushi a jikin kara ko gora, aikin wasu ƙananan ƙwari ne dabam.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Yawancin abin da za a yi ba ya bukatar kuɗi.

Na ɗaya, a riƙa zagaya gona. Daga watan Satumba har zuwa ƙarshen hunturu, a duba itatuwa sau ɗaya a mako. A ɗaga kai a dubi rassa, a kuma dubi ƙasa.

Na biyu, a kama manyan ƙwarin. Mai-zarto ba shi da saurin tashi, musamman da sanyin safiya. A ɗauke shi da hannu, ko a kaɗo shi da sanda, a kashe. In an ga ɗaya a nemi na biyun. Mace ɗaya da aka kashe kafin ta yi ƙwai, an huta da 'ya'yanta duka.

Na uku, a kwashe duk reshen da ya yanke. Wanda yake reto a sama a sauko da shi. A kai gida a fara girki da shi nan da 'yan makonni. Kada a jibge shi a gefen gona ko a bayan ɗaki har damina. Kada a yi shinge da shi. In za a ƙone a gona, a share wuri ko a haƙa rami, a tsaya a kai har wutar ta mutu, domin gobarar hunturu ba ta da kyau.

Na huɗu, a gyara wurin da reshe ya karye. A sa zarto ko adda mai kaifi a daidaita kututturen, a ɗan karkata yankan yadda ruwa ba zai kwanta ba. Kashu yakan sake toho daga ƙasan yankan.

Na biyar, idan an ga rami a gangar bishiya yana fitar da sabuwar dusa, tsutsa tana ciki. A share bakin ramin, a zura siririyar waya mai ɗan lanƙwasa a kai, a soke ta ko a jawo ta. Sannan a toshe ramin da laka. Manoman mangwaro na ƙasar Indiya, waɗanda suke fama da wani babban mai dogon ƙaho, suna amfani da wannan dabara. Bayan mako guda a sake dubawa. In dusa ta sake fitowa, a maimaita.

Na shida, a kula da lafiyar bishiya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bishiyar da wutar daji ta babbake, ko aka ɓare mata ɓawo, ko aka yi mata mugun sara, ita ce masu huda itace suke fara kamawa. Mai ɗiban ganyen kuka ya yi sara da tsabta, ya bar wa bishiyar wasu rassa. Mai neman sassaƙe don magani ya ɗiba daga gefe ɗaya, kada ya zagaye gangar, domin wannan shi ne aikin mai-zarto da hannun mutum. Ƙananan dashe a ba su ruwa da rani, a rufe gindinsu da ciyawa, a share kewayensu saboda wuta.

Na bakwai, itacen da za a yi gini ko sassaƙa da shi a ɓare ɓawonsa da zarar an sare. A ɗora shi a kan duwatsu ya bushe. Yawancin waɗannan ƙwari a cikin ɓawo suke sa ƙwai.

Na takwas, a yi hattara da maganin feshi. Feshi ba ya kai wa ga tsutsar da take can cikin itace. Wanda ya fesa bishiya duka ya yi asarar kuɗi, ya kashe ƙudan zuma masu taimakon fure, ya kuma sa iyalinsa cikin haɗari. Kada a sayi magani sai da shawarar malamin gona.

Na tara, a haɗa kai. Ƙwaro yana da fukafukai, bai san iyakar gona ba. In mutum ɗaya ya share tasa, maƙwabcinsa ya bar rassa a zube, an yi ba a yi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar manoma ko mai unguwa suna iya sa rana guda a wata, kowa ya fita ya kwashe rassan gonarsa da na itatuwan bakin hanya.

INDA ZA A KAI TAMBAYA

Mutanen Shika da kewaye sun yi sa'a, domin masana suna kusa da su. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ta samo asali tun 1922, kuma take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A sashen kare amfanin gona na jami'ar akwai ɗakin ajiyar ƙwari, inda ake gwada ƙwaron da aka kawo da waɗanda aka adana, a faɗi sunansa. A Samaru kuma akwai tashar binciken gandun daji, da cibiyar da take yaɗa sakamakon bincike ga manoma. A Shika kanta akwai Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi, wadda ta fara a matsayin gonar dabbobi a 1928.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da malamin gona na yanki. A sa ƙwaron a cikin kwalba mai murfi. A haɗa da guntun reshen da ya yanke. A rubuta a takarda sunan ƙauye, da sunan bishiya, da ranar da aka kama shi. Wannan 'yar takarda ita ce za ta sa masani ya ba da amsa daidai.

SABABBIN KALMOMI

Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Kurmi: daji mai manyan itatuwa da duhuwa.
Kwanci: lokacin da tsutsa take kwance tana juyewa zuwa ƙwaro.
Santimita: ma'aunin tsawo. Santimita biyu da rabi sun yi kusan inci ɗaya.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne matakai huɗu ne ƙwaro mai dogon ƙaho yake bi a rayuwarsa?
2. Mene ne amfanin ƙahoninsa?
3. Don me mai-zarto yake yanke reshe kafin mace ta sa ƙwai?
4. Yaya za a bambanta saran adda da yankan mai-zarto?
5. Me ya sa feshi ba ya kashe tsutsar?
6. Wane darasi ne yake cikin labarin itatuwan da aka sare a Boniyo?

LISSAFI

A ce manomi yana da bishiyar kashu 30. Ƙwaro ya yanke reshe 2 a kowace bishiya. Rassa nawa ya rasa? In kowane reshe zai ba da rabin mudu na ƙwallo, mudu nawa ya yi asara?

AIKIN YI

Kowane mai karatu ya zagaya gonarsa ko unguwarsa a wannan mako. Ya rubuta sunan kowace bishiyar da ya ga an yanke mata reshe a zagaye, da yawan rassan, da ranar da ya gani. Ya kwashe rassan ya kai murhu. Ya adana takardar, domin baɗi war haka ya gwada ya ga ko ɓarnar ta ragu.